Estelle Ta Sha Ruwa

Windward, Carriacou
Janairu

Tanty Ismay,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata sanyin Huddersfield bai sake kama miki gwiwoyi ba, kuma Desmond da iyalinsa suna lafiya. Mu nan kalau muke, sai dai ruwan sama ya yi mana rowa, tankin gida ya kusa kai ƙasa. Uncle Fitzroy yana gaisuwa. Likita ya hana shi gishiri, shi kuma ya hana likita shiga harkarsa.

Odessa ce, jikar Tanty Mavis, ƙanwar mahaifiyarki. Na ɗauki biro ne don ɗanki Desmond ya ce kunnenki da waya ba sa shiri. Kin san sana'ata, ko da yake na ji 'yan uwa a can suna kirana mai tonon bola. Tsofaffin jiragen ruwa masu tafiya da iska nake saye a gwanjon intanet, waɗanda guguwa ta kayar ko masu su suka gaji suka yar, in gyara, in sake sa su a gwanjo. Da ita nake ci, kuma ban taɓa jin kunyarta ba.

Makon jiya ina duba hotuna sai ga wani jirgin katako a wani filin ajiye jirage a Trinidad. Ya daɗe a tudu, ciyawa ta kai masa ciki, fenti duk ya ɓare. Baturen da ke da shi ya mutu, magada ba su zo ba, masu fili suna son wurinsu. Sun rubuta wai ya dace da mai neman dalma ko itacen wuta. Na nuna wa Uncle Fitzroy don mu yi dariya, amma bai yi ba. Ya ce, "Ke, matso min da abin nan, buɗa hoton." Ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hularsa. "Wannan goshin, hannu ɗaya ne ya taɓa sara irinsa a duniya. Linus ne. Ke 'yar nan, Estelle ce kike wa dariya."

Tanty, aikin mahaifinki ne, kuma duk Windward ta san ke ce Nennen ɗinta, uwar baftismarta. Shi ya sa ban ga dama in taɓa ta ba tare da saninki ba.

Amma gara ki ji yadda nake aiki tun yanzu. Ba na saye da zuciya. Zan je in gan ta da idona kafin a rufe gwanjo a watan Maris. In da rai a jikinta, zan taya. In kuwa ta ruɓe, sai a sayar da dalmar da Baturen ya ɗaura mata a ƙasa, a ja sauran a nutsar a teku, don ya fi mutunci da a bar masu bola su farfasa ta su hura wuta. Ki faɗa min abin da kike so.

'Yarki,
Odessa

Huddersfield
Fabrairu

Odessa 'yata,

Takardarki ta same ni lafiya, gwiwoyi dai suna nan da halinsu. Ki gaida Fitzroy, ki ce masa tun muna yara ba ya jin magana, gishiri kuwa ba a yi masa taurin kai. Na tuna ki sarai, ke ce mai dariyar Mavis.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, sai na ga gara in zauna. Shekara da shekaru ina zaton Estelle tana ƙarƙashin teku.

Ina 'yar shekara tara aka sauke ta ruwa. An sa min farar riga mai kaushi a wuya, aka ɗora ni a kanta tare da Fada, limamin cocinmu, tana tsaye a kan sandunanta a bakin gaɓa. An yanka rago, an zuba giyar rake, Fada ya yayyafa nasa ruwan yana kawar da kai daga na sauran. Da aka warware tuta kowa ya ga sunan, sai kakata Estelle ta rufe fuska da zane, don Papa ya ɓoye mata har ranar. Daga nan maza suka shiga sare sandunan da gatura, mata na waƙa, ta dinga kwantawa a hankali. Na riƙe Fada har na yage masa hannun riga.

Papa bai taɓa zana jirgi a takarda ba. Yakan shiga daji in wata ya fara raguwa, ya yi ta kallon itatuwan sida har ya ga wanda ya tanƙwara daidai da haƙarƙarin da yake so. Mama takan ce ya fi sanin itatuwan dutsen nan da 'ya'yansa. Ba ƙarya ta yi ba, amma ban taɓa jin haushi ba, don ni ma kallonsa nake yi baki buɗe.

Ki taya, Odessa. Desmond zai turo rabona ta banki, ya kuma yi min alkawarin ba zai yi min wa'azi ba. Ga abin da nake so. In Allah ya sa ta dawo gida, a ja ta tudu kusa da tsohon gidanmu, a yi mata rumfar kwano, a share gindinta. Ta yi aiki ya isa. Ni ma na yi shekara arba'in ina jinyar mutane a asibiti, na san daɗin a ce wa mutum zauna ka huta.

Maganar nutsarwa kuwa, na ji, amma ban so ji ba.

Tanty ɗinki,
Ismay McQuilkin

Windward
Maris

Tanty,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun sami yayyafi kaɗan, an fara zancen shuka masara da wake. Uncle Fitzroy ya ce shi ma ya tuna ki, ke ce kika yage rigar Fada.

Na je Trinidad. Da na shiga cikinta tsakar rana, haske ne ke shigowa ta tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa, har ina iya ganin kare yana wucewa a waje. Na zaci ta ruɓe. Amma na ɗauki basilla na bi haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya ina soki, basilla ta ƙi shiga. Tanty, na shiga cikin jirage da yawa na roba da na ƙarfe, waɗanda injiniyoyi suka zana, amma ban taɓa ganin aiki irin wannan ba sai ranar. Babu haƙarƙari biyu masu kama ɗaya, kuma kowanne ya zauna a wurinsa kamar can ya tsiro. Abu ɗaya ne ban iya gani ba, ƙashin bayanta, don dalma ta rufe shi. Sai an cire ta za a san gaskiya.

Ranar gwanjo a shagon Miss Joyce na zauna, don nan ne kawai waya ke kamawa da kyau. Kafin in ankara rabin gari ya cika wurin, har masu domino sun ajiye wasa. Mu biyu ne kawai muka dage. Ba a nuna suna, amma na gane hannun Mista Ramdeen, mai sayen tsohon ƙarfe a Trinidad, don shi da ka taya yake ɗorawa, ba ya ko numfashi. Na ƙyale shi ya yi ta zama a sama, ni ina shan lemona.

Uncle Fitzroy ya kasa haƙuri. "Danna mana! Me kike jira, sai Yesu ya dawo?"

Miss Joyce ta ce, "Fitzroy, bar yarinya ta yi aikinta. Kai da ko rediyo sai an kunna maka."

"Rediyo ba ya sayar da jirgin Linus ga mai bola!"

Abin da ban tsaya yi masa bayani ba shi ne, Ramdeen dalma yake saye, dalma kuwa tana da iyakar kuɗinta. Na san nauyinta, na san inda zai tsaya. Da lokaci ya kusa cika sai na ɗora kaɗan a kan wannan iyakar, na ajiye waya a tebur. Bai ƙara ba. Da aka rubuta an sallama, ihun da aka yi sai da kajin Miss Joyce suka tsallake katanga.

Can sai ga kiransa. "Miss Odessa, ashe ke ce? Me za ki yi da wannan kwandon, taliya za ki tace?" Na ce ya adana lambata, zai ji ni.

Estelle tamu ce. Wani jirgin dakon yashi zai ɗauko ta a bayansa wata mai zuwa.

'Yarki,
Odessa

Windward
Afrilu

Tanty,

A gurguje, mai kai wasiƙu yana jirana. Kowa lafiya. Estelle ta iso. An cire dalmar, na sayar wa Ramdeen. Ranar Talata muka nutsar da ita a gaban coci, komai ya tafi daidai. Ga hoto. Sauran bayani sai na sami sararin zama.

Odessa

Huddersfield
Mayu

Odessa,

Ina fata kina lafiya. Ni ba zan ce miki ina lafiya ba.

Desmond ya ce kin kira sau da yawa. Ni na ce kada ya ɗauka, kuma ban gaya masa dalili ba, don abin ya fi ƙarfin bakina.

Ba zan ce kin cuce ni ba. Tun farko kin faɗa min in ta ruɓe za ki sayar da dalma ki nutsar da sauran, kuma abin da kika faɗa shi kika yi. Irinku ba su da yawa, ko a cikin fushi na san wannan. Amma layi huɗu, Odessa? A asibiti ko baƙon da ba shi da kowa ya mutu, mukan zauna mu rubuta wa danginsa takarda ta mutunci. Ke kuma wai komai ya tafi daidai!

Na sa tabarau na duba hoton. Jigonta ne kawai a waje da ɗan rufin ɗakinta, yara suna tsalle daga kai, Fitzroy kuma yana tsaye a ruwa har gwiwa yana washe baki da kofi a hannu. Fitzroy da Papa ya koya wa riƙon gatari! In dole ne a binne ta, me ya hana ku kai ta can cikin zurfi? Sai a gaban coci, daidai inda aka sauke ta, inda kowa zai wuce yana kallon ƙasusuwanta?

Ranar Lahadi na sa an yi addu'a a coci da sunan 'yata Estelle. Fadanmu ya riƙe hannuna ya ce bai san ina da 'ya mace ba. Ban yi masa bayani ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki sa wani ya nutsa ya ciro min guntun katako ko da tafin hannu ne, ki aiko min.

Ismay McQuilkin

Windward
Yuni

Tanty Ismay, Tanty ta,

Kafin gaisuwa, kafin komai: Estelle tana da rai, tana kan ruwa, ina hango ta ta taga yanzu haka.

To, yanzu ina gaishe ki, ina kuma roƙon gafara. Na karanta wasiƙarki na fashe da dariya, kafin in kai ƙarshe dariyar ta koma kuka. Laifina ne. Na manta kina yarinya kika bar tsibirin nan, sabbin jirage kika gani ana saukewa, ba ki ga yadda ake tayar da wanda ya bushe ba. Uncle Fitzroy ya ce, "'Yar Linus ce ba ta san jirgi na shan ruwa ba? Kai, Ingila ta gama da mu." Sannan ya fita waje ya daɗe yana fyace hanci.

Ƙishirwa ce ta kusa kashe ta, Tanty, ba ruɓa ba. Rana ta busar da katakon ya tsuke, shi ne hasken da na gani. Maganinsa a cusa auduga sama-sama a tsakanin katakon, a zaunar da ita a ruwa marar zurfi a kan yashi, a bar ta ta sha har katako ya kumbura ya rufe bakinsa. Gaban coci ne ya fi kwanciyar ruwa. Ƙashin bayanta kuwa, da aka cire dalma Uncle Fitzroy ya kafa masa ƙusa, ƙusar ce ta lanƙwashe. Na sayar da dalmar ne don Pa Linus bai gina ta da dalma ba, da duwatsu a ciki ya daidaita ta. Kuɗin kuma ya biya mai dakon yashi.

Da ta ƙoshi, gari ya fito da bokitai da injin ban ruwa na aro. Mata suka ɗora tuwon masara da kuɓewa da naman akuya. Muna kwarfa tana tasowa, har ta miƙe ta zauna a kan ruwa. Sai aka tsaya ana jira a ga ko ruwan zai dawo. Miss Joyce ta leƙa ta ce, "Ko ɗigon da zan wanke cokali babu." Daga nan aka yi layi daga gaɓa ana miƙa duwatsu hannu zuwa hannu.

Yanzu ga maganar da ta fi wuya. Rumfar da kike so ita ce za ta kashe ta. In muka ja ta tudu, kafin shekara biyu ta koma yadda na same ta, kuma a karo na biyu ba lalle ta tashi ba. Ni ma ba zan iya riƙe ta ba, jirgin da ba ya aiki ko a ruwa lalacewa yake yi. Na sa ta a gwanjo don in ji bakin kasuwa, na rubuta cewa sallama tana hannun mai kaya. Mutum biyu ne suka taya da gaske. Wani otal a kudu ya fi kowa nesa ba kusa ba, za su kafa ta a kan yashi su mai da ita wurin shan giya, da fenti mai sheƙi da fitilu. Ɗayan Kyaftin Eustace DeRoche ne na Petite Martinique, nan tsallakenmu, wanda guguwa ta cinye wa jirgi. Tayinsa bai kai ba, kuma ba zai tausaya mata ba, siminti da tukwanen gas za ta yi ta ɗauka.

Rabinta naki ne, kuma ke ce uwa. In kin ce rumfa, zan kafa rumfa, ba zan ƙara magana ba.

'Yarki,
Odessa

Huddersfield
Agusta

Odessa 'yata,

Lafiya lau nake, har gwiwoyin sun ji labari sun yi sauƙi. Ki yafe min kalaman da na rubuta. Na je na gaya wa Fada cewa 'yar tawa ta tashi, ya dube ni ya tambaya ko ina shan magungunana a kan lokaci.

Na jinkirta amsa don ban so in ba ki ita ba. Na yi ta zana rumfar nan a raina, har na zaɓi inda zan sa kujera. Kuma ina tsoro. Mutumin nan teku ta riga ta karɓe masa jirgi ɗaya, me zai hana ta karɓi na biyu?

Amma ni ma'aikaciyar jinya ce. Tsohuwar da aka yi wa aikin ƙugu, washegari muke tayar da ita ta taka, tana kuka tana zaginmu, 'ya'yanta suna cewa mu bar Mama ta huta. Waɗanda aka bari suka huta, na san inda suka ƙare. Na sha faɗa wa 'ya'yan mutane wannan magana da ƙarfin hali, ban san tana da ɗaci haka ba sai da ta zo kaina.

Otal ɗin nan ki ce musu albarka. Ki sallama wa Kyaftin. Ki gaya masa ya riƙa duba ta kamar yadda kika duba ta, da basilla, ba da ido kawai ba.

Mavis ta yi jika. Na yi ta tunanin yadda kika zauna kina shan lemo gari na ihu a kanki, sai na ga Papa a gindin itace yana jira ya ga abin da yake nema. Da ya so ki ƙwarai.

Wani abu da ba ki sani ba: ban taɓa tafiya a cikinta ba. Bayan an sauke ta Papa ya shiga fatauci da ita, Mama ta ce teku ba wurin 'ya mace ba ne, daga nan sai Ingila. Tsayuwar nan ta ranar biki ita ce kawai rabona. Ki aiko min da hotonta tana tafiya.

Tanty ɗinki mai alfahari da ke,
Ismay

Windward
Oktoba

Tanty,

Gaisuwa mai yawa. Damina ta yi kyau, tanki ya cika har yana zuba, guguwa kuma ta bi ta arewa ta ƙyale mu bana. Uncle Fitzroy ya ɗan kwanta amma ya tashi, yana gaishe ki.

An yi ciniki. Mutumin otal ya kira ya ce ko ban iya lissafi ba ne, na ce na iya, shi ya sa. Kyaftin DeRoche ya zo da matarsa da Fada, aka sake yayyafa mata ruwa, aka zuba abin da ake zubawa. Ya so ya sa mata sabon farin zanen kama iska, amma aljihu bai kai ba, sai ya ɗinka wanda ya tsira daga tsohon jirginsa, mai faci uku. Na karanta masa saƙonki na basilla. Ya ce, "Ki ce wa Nennen ta kwantar da hankalinta. Wanda teku ta taɓa mara ba ya wasa da katako."

Jiya da safe ta wuce ta gabanmu a tafiyarta ta farko daga Grenada, ɗauke da siminti da tukwanen gas da buhunan fulawa da akuya biyu. Fentin da na sha wahalar shafawa har ya sami tabo a gefe, kuma tun daga gaɓa ana jin warin kifi. Iska ta taso daga gabas, ta ɗan kwanta gefe guda, ta tsaga ruwa ba ƙara ba girgiza, ta bar wani jirgin 'yan yawon shaƙatawa mai inji a baya kamar an ɗaure shi. Mutanen cikinsa suka miƙe suna ɗaukar ta hoto. Uncle Fitzroy ya ce, "Ku ɗauka da kyau, ba a yin irinta kuma." Ni dai kuka na yi, ban kuma ɓoye ba. Ga hoton da kika nema na sa miki.

Na gaya wa Kyaftin ba ki taɓa tafiya a cikinta ba. Sai ya ce, "Wannan ba daidai ba ne. Uwar jirgi ba ta biyan kuɗin shiga, haka muka tarar. Duk ranar da ta sauka a tsibirin nan, ta tsaya a gaban coci ta ɗaga hannu kawai. Ko simintin gwamna na ɗauko, zan juyo."

Saboda haka ki gaya wa Desmond ya fara duba tikiti, bayan Kirsimeti iska ta fi daɗi. Ki zo da rigar da ba kya tausayi. Wurin zama mai kyau ɗaya ne, kusa da mai tuƙi, kuma akuya ta riga ta gano shi.

'Yarki,
Odessa